Wai wace doka ce ta hana kamfanonin turo kuɗi daga waje su ba mu dala a hannu?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya ga masu ilimin harkar banki a gidan nan. Da can in an turo wa mutum kuɗi ta Western Union ko MoneyGram dala ake ƙirgo masa ya je Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ya canza da kansa, yanzu kuwa sai dai ka ga alat na naira ya shigo. Kuma na ji ana cewa su kansu kamfanonin sai sun zube maƙudan kuɗi kafin a ba su lasisi. Wannan dokar wa take karewa ne, mu ko gwamnati?

Abu Safwan: Wa alaikumus salam Hajiya. Dokar CBN ce, wato Babban Bankin Najeriya, ta fito ranar 31 ga Janairu 2024 zamanin gwamnan bankin Cardoso, ita ta maye gurbin tsohuwar ta 2014. Duk kamfanin da zai riƙa shigo da kuɗi Najeriya daga waje, waɗanda ake kira IMTO, sai ya nemi izini wajen CBN. In na ƙasar waje ne sai ya nuna jarin aƙalla dala miliyan 1, in na gida ne kwatankwacin hakan da naira. Kuɗin neman izinin kaɗai naira miliyan 10 ne kuma ko an hana ka ba a mayar maka, a tsohuwar dokar dubu 500 ne, sannan duk shekara ka sake biyan miliyan 10 na sabuntawa. Sai ka kawo shaidar cewa ƙasarku ta ba ka lasisin wannan sana'ar, ka bayyana su waye ainihin masu kamfanin, ka kawo tsarinka na hana wanke kuɗin haram. Izinin ma hawa biyu ne, na farko amincewa ce ta wucin gadi wadda ba za ka fara aiki da ita ba, sai ka cika sauran sharuɗɗa a ba ka na ƙarshe.

Abu Safwan: Amsar tambayarki kuma tana cikin dokar ɓaro ɓaro, naira za a biya mai karɓa. In kuɗin ya wuce kwatankwacin dala 200 ma ba za a ba ki a hannu ba sai ta akawun.

Alhaji na Wapa: To ai ka ji. Ɗanka ya yi gumi a ƙasar mutane ya turo dala, dalar ta tsaya a hannun kamfani da banki, kai a miƙo maka naira a farashin da ba da kai aka yi cinikinsa ba. Ni abin da nake tambaya kullum, kuɗin nan na waye? In nawa ne a ba ni abina in ga dama in ajiye in ga dama in sayar.

Maman Ilham: Wlh Alhaji abin da ke raina kenan ka faɗa. Mai biyan kuɗin makaranta gara ya riƙe dalarsa har lokacin biya ya zo.

Abu Safwan: Ranka ya daɗe na fahimce ka, amma mu tuna yadda aka zo nan. A ƙarshen Nuwamba 2020 Emefiele, gwamnan CBN na lokacin, shi ne ya ce a riƙa biyan mutane da dala, a Maris 2021 ya ƙara da tsarin nan na naira 5 a kan kowace dala 1 da aka turo. Me ya sa? Saboda a lokacin farashin gwamnati da na kasuwa sun yi hannun riga, farkon 2023 banki yana cewa wajen 460 kasuwa tana cewa sama da 700, to wa zai yarda a canza masa a banki? Ba da dala a hannu shi ne kawai abin da zai sa mutane su bi hanyar hukuma. Da aka saki farashi a Yuni 2023, sannan a Janairu 2024 aka cire wa kamfanonin ƙa'idar da ta ɗaure su kada su wuce kashi 2.5 sama ko ƙasa da farashin hukuma, sai tazarar ta rage sosai. Yanzu suna gasa da juna a kan ret, za ka buɗe manhaja uku ka ga farashi uku.

Alhaji na Wapa: Yau tazarar ta rage, gobe fa? Doka ai ba don yau kaɗai ake yin ta ba. Ranar da naira ta sake zamewa, CBN ta riƙe farashi, kasuwa ta yi gaba, wanda aka tilasta wa karɓar naira shi zai yi asara, ba kamfani ba.

Abu Safwan: Wannan kam ba ni da ja a kai. Tsarin yana aiki ne muddin farashin biyu suna kusa. In suka rabu mutane za su gudu su koma bayan fage kamar da.

Baffan Manchester: Bari in sa baki tunda mu ne masu turowar. Ni gsky ina goyon bayan lasisi ɗari bisa ɗari, kuma zan faɗi dalili. Akwai wani bawan Allah nan da ya riƙa karɓar fam a hannun mutanenmu yana cewa yaronsa zai biya naira a gida, ret ɗinsa ya fi na kowa, an daɗe ana yi lafiya lau, ranar da abin ya karye kuɗin mutane da yawa ya tafi ciki har da nawa na ginin da nake yi, kuma babu inda za ka kai ƙara don ba rasit ba komai sai saƙon waya. Kamfanin da ke da rajista da FCA, hukumar kula da harkar kuɗi ta nan Birtaniya, kuma yake cikin jerin CBN a can, in kuɗinka ya maƙale kana da lambar turawa, kana da ofishin da za ka rubuta wa, dole su amsa. Wannan kwanciyar hankalin ta fi min bambancin naira goma ko ashirin a kan fam.

Maman Ilham: Subhanallah, Allah ya mayar da alheri Baffa.

Baffan Manchester: Amin Hajiya na gode.

Alhaji na Wapa: Allah ya mayar maka. Amma dan Allah kar a haɗa mu da irin wannan, akwai ɗan canji mai amana da ya shekara talatin a kasuwa ko kwabon wani bai taɓa salwanta a hannunsa ba, sunansa shi ne jarinsa. Mu ma fa ba a ƙyale mu ba, a Maris 2024 CBN ta soke lasisin 'yan canji 4,173 a tashi ɗaya, bayan wata biyu ta ce babban lasisi sai mai naira biliyan 2, ƙarami miliyan 500. Mutum nawa ne a Fagge za su iya wannan su kaɗai? Duk dokokin nan in ka duba hanya ɗaya suka nufa, ƙarami ya fita babba ya zauna.

Ummi Ƙarama: Yaya Abu Safwan ni ma nan ne ban gane ba. In na lissafa dala miliyan 1 a kan 1,500 naira biliyan ɗaya da rabi kenan. Matashin da ya iya haɗa manhaja a Kano ko Kaduna ina zai samo wannan? Kuma na karanta wai an hana kamfanonin fintek, masu harkar kuɗi ta manhaja, neman wannan izinin gaba ɗaya, haka ne?

Abu Safwan: Haka dokar ta ce ƙanwata, fintek ba za su samu izinin IMTO ba, bankuna ma an hana su yin sana'ar da kansu sai dai su zama ejan na kamfanin da ke da izini. Batun jari kuwa ni ban ga laifinsa ba, ki tuna kamfanin nan yana riƙe da kuɗin mutane ne tsakanin lokacin da aka tura da lokacin da aka biya, wani lokaci ma shi yake fara zuba naira a nan kafin dalar ta iso. Wanda ba shi da ƙarfi, rana ɗaya farashi ya juya masa ya durƙushe da kuɗin marayu. Amma hana fintek ɗin nan ni ma bai kwanta min ba, domin su ne suka karya farashin turawa a duniya. WorldRemit ai wani ɗan Somaliland ne Ismail Ahmed ya kafa shi a Landan a 2010, kuma abin da ya tunzura shi tsadar turawa gida ce.

Baffan Manchester: Kuma kar a manta da 2016. A watan Agusta na shekarar aka wayi gari kamfani uku ne kawai ke iya turowa Najeriya, Western Union da MoneyGram da Ria, su WorldRemit suka dakatar da aiki. Mu da ke waje mun ji a jikinmu, sai da aka yi ta ƙorafi kafin ƙarshen watan CBN ta ƙara wa wasu 11 izini. Shi ya sa nake cewa a yi lasisi amma ƙofar ta zama a buɗe, in kamfanoni suka yi kaɗan mu ne za mu biya.

Abu Safwan: Sosai. A Mayu 2024 ma sun ba sabbin kamfanoni 14 amincewar farko, kuma CBN da kanta ta ce a Yuli 2024 dala miliyan 553 ta shigo ta wannan hanyar, Cardoso yana cewa burinsa biliyan 1 a wata. Ku kwatanta da ƙiyasin Bankin Duniya na kusan dala biliyan 19 da rabi da 'yan Najeriya suka turo a 2023, za ku ga dalilin da ya sa suke son kuɗin ya bi ta inda za su gan shi.

Anti Jidda: Salamu alaikum, tun ɗazu ina karantawa, duk maganar Ingila da Amurka kuke yi. Mu fa da ke Saudiyya? Ku zo Jidda ko Makka ku ga yawan Hausawa, mata masu aikatau, masu sayar da abinci, direbobi, dattawan da suka shekara ashirin a nan. Mai iƙama, wato katin izinin zama, zai je Enjaz ko Tahweel Al Rajhi ko ya tura ta waya, ba matsala. Wadda ba ta da iƙama fa, ko tata ta mutu ba a sabunta ba? Ba wurin da zai karɓi riyal ɗinta, ko kamfani ɗari CBN ta ba lasisi bai shafe ta ba, tun daga nan ƙofar take a rufe. Sai ta kai wa mai hawala, shi ya kira Kano, kafin ta koma gida 'ya'yanta sun ga alat. Kuma ba don tana son karya doka ba ne, abincin yaranta ne da kuɗin maganin tsohuwarta. Ina so masu ilimin gidan nan su gaya min ita ina matsayinta a duk wannan tsarin.

Abu Safwan: Anti wannan tambayar ta fi ƙarfin CBN, don sharaɗin iƙama na hukumar Saudiyya ne. Kowace turawa ƙasa biyu take taɓawa, ƙasar da kuɗi ya fito da wadda ya shiga, kowacce da lasisinta. A gaskiya ita wannan baiwar Allah tsarin bai san da ita ba.

Anti Jidda: To ka ga abin da ke ci min rai kenan. Kuma su ne suka fi kowa buƙatar kariya, don in mai hawalar ya ci amanarta ba ta isa ta je wajen 'yan sanda ba, ita za a fara kamawa. Na san wadda ta tara kuɗin shekara biyu ta ba wani ya kai gida a saya mata fili, har yau shiru, kuka kawai take yi ba ta da wanda za ta gaya wa.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya saka mata.

Ɗan Maraɗi: Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Anti ta buɗe ƙofa bari in shiga. Mu nan Nijar in za ka aika kuɗi Zinder ko Agadas ko Yamai akwai su Nita da Al Izza da Amana, minti kaɗan an karɓa, kuma ƙasashen sefa takwas banki guda ke gare mu BCEAO, don haka aike Kwatano ko Lome ba wahala. Amma Maraɗi zuwa Katsina, tahiyar da ba ta kai ta Maraɗi zuwa Zinder ba, nan ne aiki ya ke. Ɗan kasuwa ya sayar da dabbobi ko wake a Jibiya ko Maigatari, naira na hannunsa, yana son sefa ta iske shi gida, ta wane kamfani zai aiko?

Abu Safwan: Ta IMTO dai babu, domin dokar 2024 ta ce aikinsu shigo da kuɗi ne kawai, an hana su fitarwa. Wanda zai tura waje sai ya bi ta banki da takardunsa.

Ɗan Maraɗi: To shi mai awaki goma wane takardu gare shi? Shi ya sa kowa ke zuwa wurin 'yan canji na bakin iyaka, ka ba da naira a Jibiya a ba ɗan'uwanka sefa a Maraɗi. Lokacin da CEDEAO, wadda kuke ce ma ECOWAS, ta sa muna takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Fabrairu 2024, iyaka a ruhe, bankuna cikin matsi, wallahi wannan hanyar ce ta riƙe gidaje da yawa. Ni ban ce a bar kowa ya yi yadda ya so ba, amma dokar da aka rubuta ana kallon Landan da New York ba ta san Illela da Konni ba.

Alhaji na Wapa: Allah ya yi maka albarka. Ka ƙara da Chadi da Kamaru da Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 mutanenmu da ke can da Bankak, manhajar bankin Khartoum, suke rayuwa, in za ka taimaki ɗan'uwanka sai ka nemi wanda ke da kuɗi a ciki ka ba shi naira a nan shi ya tura masa a can. Wane kamfanin Turai ne zai yi maka wannan?

Ummi Ƙarama: Amma ba akwai PAPSS ba? Tsarin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka da aka ƙaddamar a Accra a Janairu 2022, wai ka biya da naira a karɓa da sidin Gana ba sai an bi ta dala ba.

Ɗan Zangon Kumasi: Akwai shi ƙanwata, Afreximbank ne suka kawo, amma ta banki yake bi. Mu nan zango MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kowa ke riƙewa, mai goro da mai shanu ba ruwansu da shiga banki. Sai ranar da abin ya sauko cikin wayar talaka sosai sannan za mu ce ya iso.

Ustazu Zariya: In ba za ku damu ba in ɗan taɓa ɓangaren shari'a tunda an ambaci hawala. Canjin kuɗi da kuɗi sharaɗinsa hannu da hannu ne, amma malaman zamani da dama sun ɗauki shigar kuɗi akawun ko karɓar rasit tabbatacce a matsayin karɓa. Abin da nake jan hankali a kai shi ne a yanke farashi a majalisin ciniki, kar a rabu a kan sai yadda kasuwa ta kaya gobe, nan rigima take fitowa. Sannan ayar bashi a Suratul Baƙara ta umarce mu da rubutawa da kafa shaidu. Ko da wanda ka amince da shi ne, a rubuta.

Baffan Manchester: Jazakallahu khairan Malam, rashin rubutun nan shi ya kashe mu.

Abu Safwan: Akwai wani ɓangaren da ba mu taɓa ba, Alhaji, kuma shi ya sa CBN take tsanantawa. A Fabrairu 2023 FATF, hukumar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da wanke kuɗin haram, ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake sa wa ido kan wanke kuɗi da ɗaukar nauyin ta'addanci, sai Oktoba 2025 aka cire mu. Ƙasa in tana cikin jerin nan bankunan waje suna ɗari ɗari da ita, kowace turawa sai an ƙara bincike, kuɗin binciken kuma kan kwastoma yake ƙarewa. Wani lokaci ma rufe akawun ɗin kamfanonin suke yi gaba ɗaya, kamar yadda Barclays ya yi niyyar yi wa Dahabshiil na Somaliyawa a 2013 har sai da aka je kotu. Kuma manyan ma ba a ƙyale su, Western Union ta biya dala miliyan 586 a Amurka a 2017 kan sakaci da 'yan damfara. Mu da muke fama da kuɗin fansa da 'yan bindiga ba za mu ce kar a san wa ya turo wa ya karɓa ba.

Alhaji na Wapa: A sani mana, wa ya ƙi? Mu ma yanzu muna karɓar BVN da NIN. Abin da nake cewa a yi ƙaramin lasisi na bakin iyaka, jari daidai ƙarfin mutane, a sa iyakar abin da za ka iya turawa a rana, ka riƙe littafi, hukuma ta zo ta duba. Mutanen nan suna yin aikin ko an ba su izini ko ba a ba su ba, to ba gara a san su ba? Ruwan da ka toshe wa hanya ai ba tsayawa yake ba, wata yake nema.

Anti Jidda: Wannan shawarar ta yi min Alhaji. Ko ba komai in mai hawalar yana da rajista a Kano, 'yan uwan matar za su san ƙofar da za su buga.

Abu Safwan: Ni ma zan sa hannu a kan wannan. Ku duba tsada ma, Bankin Duniya ya ce turo dala 200 zuwa ƙasashenmu na kudu da Sahara yana cin kusan kashi 8, wato wajen dala 16, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya ya sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Kuma hanyoyin da suka fi tsada da yawansu tsakanin ƙasashen Afirka ne su ya su.

Baffan Manchester: Na Amurka kuma ku gaya wa 'yan uwanku, daga 1 ga Janairu 2026 akwai harajin kashi 1 a kan wanda ya kai tsabar kuɗi kanti ya tura, amma in daga akawun ɗinsa na banki ko katinsa ya tura babu.

Maman Ilham: Ƙanina a can yake kuma kash yake kaiwa, zan gaya masa yau in sha Allah. Malam Abu Safwan tambaya ta ƙarshe, ta yaya zan san kamfanin da yake amfani da shi yana da lasisin? Sannan in dalar nake so dole fa, ba wata hanya?

Abu Safwan: Ki shiga shafin CBN, suna wallafa jerin sunayen IMTO masu izini, ki nemi sunan kamfanin, wani lokaci sunan rajistarsa daban yake da sunan manhajar don haka ya duba ƙasan rasit ɗinsa. In dala kike so kuma ki buɗe akawun na dala a bankinki ya turo banki zuwa banki, wannan ba ta IMTO yake bi ba, sai dai cajinsa ya fi yawa kuma yakan ɗauki kwanaki, don haka ya fi dacewa da kuɗi mai kauri irin na makaranta, ba na cefane ba.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Gobe zan leƙa bankin in ji abin da ake buƙata na buɗewa.

Abu Safwan: Amin Hajiya. Ki tafi da katin shaida da hoton fasfo da takardar wuta ko ta ruwa, kuma ki tambaye su nawa suke cira in kuɗi ya shigo kafin ki sa hannu.